Yadda na raba mutum da kamfani a rumbun bayanai ba tare da na raba lambarsu ba

Wata ƙungiyar ajiya da ba da rance ce ta ba ni aikin sake tsara rumbun bayananta. Masu hulɗa da ita iri biyu ne: ɗaiɗaikun mutane da kamfanoni. Kowannensu yana da suna da adireshi da lambar waya, kuma yana iya buɗe asusu ko ya ci bashi. Sai dai mutum yana da ranar haihuwa da lambar NIN mai alƙaluma 11, kamfani kuwa lambar rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, yake da ita da ranar kafuwa. Wato uwa ɗaya ce mai 'ya'ya biyu, kowane ɗa ya gaji kayan uwa ya kuma ƙara da nasa.

A kan takarda abin ba wuya. Tun 1976 Peter Chen ya fito da hanyar zana abubuwa da alaƙarsu, a 1977 kuma John da Diane Smith suka yi bayanin tara masu kama da juna a ƙarƙashin rukuni guda. Amma tsarin tebura da Codd ya shimfiɗa a 1970 bai san gado ba, layi da gurbi kawai ya sani. Dole kai ka zaɓi yadda za ka sauke zanen.

Na fara duba tebur ɗaya da zai ɗauki kowa, da gurbin da ke faɗin iri. Yana da sauri, ba sai an haɗa tebura ba. Illarsa, duk layin kamfani gurbin NIN fanko ne, don haka ba za ka iya cewa gurbin dole a cike shi ba sai da sharaɗin CHECK, wato ƙa'idar da rumbun yake auna kowane layi da ita kafin ya karɓe shi, kuma sharuɗɗan suna ƙaruwa duk lokacin da aka ƙara iri. Da gurbi biyu ko uku kawai suka bambanta su, da shi zan ɗauka.

Tebur biyu masu cin gashin kansu, na mutane daban na kamfanoni daban, ban ɓata lokaci a kansu ba. Teburin rance yana buƙatar makullin waje, wato gurbin da ke nuna layi a wani tebur, da zai nuna mai bashi, to wanne daga cikin biyun zai nuna?

Sai na tsaya a kan hanya ta uku: teburin uwa mai ɗauke da lamba da suna da waya da iri, sannan kowane ɗa da teburinsa, yana amfani da lambar uwar a matsayin babban makullinsa, wato gurbin da ke bambanta kowane layi da saura. Rance da asusu duk uwar suke nunawa. Don kada lamba ɗaya ta bayyana a mutane kuma ta bayyana a kamfanoni, na haɗa lamba da iri suka zama makulli guda a uwar. A teburin mutane na sa gurbin iri wanda ba ya karɓar komai sai "mutum", makullin wajensa kuma yana nuna lamba da iri tare. Da haka rumbun da kansa yake ƙin kuskuren, ba sai an dogara da mai rubuta manhaja ba. Kuɗin da na biya shi ne JOIN, wato haɗa tebura, a kusan kowace tambayar da za a yi wa rumbun, da kuma tabbatar da cewa uwa da ɗa suna shiga a ma'amala ɗaya, wato ko su shiga tare ko su fasa tare, don kada a bar layin uwa ba ɗa.

Manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL tana da INHERITS, umarnin da ke sa tebur ya gaji wani, kuma sunan yana jan hankali. Na bar shi, domin babban makulli da makullin waje na uwa ba sa ratsawa zuwa teburan 'ya'ya.

Inda muka fi daɗewa muna muhawara shi ne da manajan ya ce a ƙara 'ya'ya uku: mamba, ma'aikaci, da mai tsaya wa mai bashi. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, akawun nan naka ba mamba ba ne?" Ya ce mamba ne. Ya taɓa tsaya wa wani? Ya taɓa. To ga mutum ɗaya a wuri uku lokaci guda, kuma gobe yana iya barin aiki ya ci gaba da ajiya. Tsohon rumbunsu haka aka gina shi, shi ya sa mutum ɗaya yake da lambar waya uku mabambanta, ba wanda ya san ta gaskiya. Waɗannan matsayi ne da ake hawa a sauka. Na ba su tebur na daban, kowane layi da ranar farawa da ranar ƙarewa. Tun daga nan tambaya biyu nake yi kafin in yanke sabon ɗa: abu zai iya zama wannan da wancan a lokaci guda? Zai iya tashi daga wannan ya koma wancan? In amsar ɗaya ta zama e, matsayi ne.

Saura tela ko mai shago da ya yi rajistar sunan kasuwanci a CAC. Yana da lambar rajista kamar kamfani, amma a doka shi da kasuwancin abu ɗaya ne, in bashi ya tsaya shi za a kama. Na bar shi a mutane, sunan kasuwancin na ajiye shi a wani ƙaramin tebur da ke nuna lambarsa.