Tseren da nake yi da wutar maƙera a Garwa

Ina tara tsofaffin kuɗin azurfa a nan Garwa, a arewacin Kamaru, kuma wanda ke riga ni samunsu kullum shi ne maƙerin fari. Tsohuwa ta rasu, magada su kwashe abin da ke cikin adakarta su kai maƙera, a auna, a narkar, ya koma zobe da awarwaro. Wannan abu yana ci mini rai. Shi ya sa na ƙulla sabo da maƙera, nakan ce, "Baba, in an kawo don Allah a dakata mini kafin a sa a wuta," in ɗora masa wani abu a kan kuɗin nauyi.

Abin da aka fi kawowa liyari ne, mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tereza, da mikiya mai kai biyu a bayansa. Duk wanda ya ga 1780 a jiki sai ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Alhali shekarar rasuwarta ce, aka ci gaba da buga shi da ita har cikin ƙarni na 20, a Biyana da Rum da Landan da Bombay. Na gaskiya nauyinsa giram 28 ne, azurfarsa kashi 83 cikin 100. Ba na fita sai da ɗan sikeli da maganaɗisu a aljihu, don azurfa ba ta bin maganaɗisu. In kuma ka ɗora shi a kan yatsa ka ƙwanƙwasa, ƙararsa takan yi tsawo, ta jabu kuwa nan take take mutuwa.

Wanda ke wahalar da ni wajen samu mak ne, kuɗin Jamus na da. Jamusawa ba su daɗe a arewa ba: sun kama Garwa a 1901, suka miƙa wuya a 1915, na dutsen Mora kuma a 1916. Ba su buga wa Kamaru kuɗinta daban ba, na ƙasarsu suka zo da shi, kuma kaɗan ne ya tsira.

Sule da fataka na Ingilishi masu bishiyar kwakwar manja, waɗanda aka fara bugawa a 1913, sun fi sauƙin samu, tunda Yola, inda ake kashe su a da, ba nisa ta kogin Binuwai. Daga 1920 aka koma yin su da farin ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Haka ma faran ɗin da Faransa ta buga wa Kamaru daga 1924 zuwa 1926, babu azurfa a cikinsa ko kaɗan.

Dillalai sukan karya farashin wanda aka huda ko aka liƙa wa kunne. Ni kam ina saye, domin wata ce ta rataya shi a wuya ko a kitso shekara da shekaru, har fuskar sarauniyar ta shafe. Roƙon da nake wa masu kawo mini ɗaya ne, kada su goge da toka da lemun tsami. Gugar tana cinye rubutun, ta bar zane-zanen da ba sa gyaruwa.