Daga Damagaram zuwa sitad ɗin Maraɗi

Tun asuba muka baro tashar Damagaram. Mun ci fanke a Tasawa, na yi gyangyaɗi har muka wuce Agye, kafin azahar ga mu a Maraɗi. Biki ne ya kawo ni, amma da la'asar na sulale na tare ɗan kabu-kabu na ce ya kai ni sitad, wato filin ƙwallon ƙafa na garin. Ya waigo ya ce, "Malam, yau ai ba wasa." Na ce na sani.

Lallai ba wasa. Wasu yara ne kawai ke atisaye, ɗaya da takalmi ƙafa guda, ya ara wa abokinsa ɗayan. A bakin ƙofa na tarar da wani dattijo kan benci, rediyo a kunne, goro a baki. Na gaishe shi, ya matsa mini wuri.

"Daga ina, ɗana?"

"Damagaram, Baba."

Sai ya yi dariya har da tari. "To mu muka riga ku." Ban gane ba sai da ya warware: Jangorzo ta Maraɗi ta ci kofin zakarun Nijar a 1983, Espoir tamu ta Damagaram sai a 1984. Shekara ɗaya tal, amma ya riƙe ta kamar takardar gona. Ya ce duk abin da 'yan Yamai suka kwashe daga baya, wannan dai ba su iya goge shi.

Sunayen ƙungiyoyin suka fi tsaya mini a rai. Jangorzo, wato Bawa Jan Gwarzo, Sarkin Gobir, ga kuma Tsibirin Gobir nan kusa da gari. Ɗaya ƙungiyar garin kuwa Ɗan Kasawa, sunan sarkin da Katsinawa suka zauna Maraɗi a ƙarƙashinsa bayan jihadi ya fitar da su daga Birnin Katsina. Kenan mai ihu a kan benen 'yan kallo sarakunan kakanninsa yake kira, ko ya sani ko bai sani ba. A ganina wannan ya fi sunayen Turawa da yaranmu ke liƙa wa ƙungiyoyin unguwa.

Na tambaye shi ranar da filin ya fi armashi a idonsa. Bai ambaci Maraɗi Kwalliya ta 2015 ba, lokacin da garin ya karɓi bikin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriyar Nijar. Fabrairun 2019 ya ce, da Nijar ta karɓi gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20, aka ajiye rukuni guda a nan: Senegal, Mali, Ghana da Burkina Faso. Biyu daga cikinsu suka je wasan ƙarshe a Yamai, Mali ta doke Senegal a bugun fenariti. "Ka ga," in ji shi, "duk su biyun ruwanmu suka sha."

Sai ya rage murya, wai kada in kai labari gida: ko yau aka buga gangar kokowa a filin Kantu, rabin masu zuwa nan can za su nufa.

Aka kira magariba. Yaron nan ya karɓi takalminsa ya rataya a wuya, Baba ya ɓare goronsa ya miƙo mini rabi, ya ce in gaida mutanen 1984.