Asabar: na wuni tare da Shaihu Umar

Yau ban je shago ba. Mura ta kama ni tun daren jiya, sanyin hunturun nan kuma ba ya wasa, sai na ce wa yaron shago ya buɗe shi kaɗai. Da hantsi na shimfiɗa tabarma inda rana ke bugawa a tsakar gida, na jawo wani ɗan littafi da ƙanwata ta bari a kan taga: Shaihu Umar, na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bangon ya yage, an liƙe shi da salatif, ƙasan shafukan farko duk shatin manja. Mun karanta shi a sakandare saboda jarrabawa, amma yau ne na zauna na karanta shi don kaina.

Littafin ba shi da kauri, kafin la'asar na gama. An buga shi a 1934, bayan gasar rubutun da aka shirya a Zariya a 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. A lokacin marubucin malamin makaranta ne a nan Bauci, bai daɗe da haura shekara 20 ba. Wannan ya tsaya mini a rai, domin muryar da ke cikin littafin ta dattijo ce, mai natsuwa, ba ta gaggawa.

Labarin ya fara ne a Rauta, inda almajiran Shaihu Umar suka tambaye shi asalinsa. Daga nan ya koma Kagara, inda aka haife shi maraya, uwarsa ta auri Makau, bafaden sarki. Hassada ta sa 'yan'uwansa fadawa suka yi masa ƙazafin ɓoye bayi bayan an dawo daga hari, aka kore shi, ya je ya zauna a Maƙarfi. Uwar ta tafi Fatika sallamar iyayenta, kafin ta dawo an sace yaron. Kura ta cinye ɓarawon, yaro ya tsira, daga hannun wannan zuwa na wancan har ya faɗa hannun Abdulkarim Balarabe a Kano, wanda ya ɗauke shi ɗa, ya tafi da shi garinsu Ber Kufa a ƙasar Larabawa, ya sa shi karatu har ya zama malami.

A makaranta an koya mana cewa jigon littafin haƙuri ne da tawakkali, kuma haka ne. Sai dai abin da na gani yau ya wuce nan. Umar bai yi kansa ba. Duk inda ya faɗi akwai wanda ya tsince shi, ya ba shi abinci, ya rufa masa asiri, alhali babu dangin iya babu na baba. Haka Makau, da ya fita ba shi da komai, baƙi ne suka nuna masa hanya suka tsaya masa har ya kafu. Amma jama'ar nan da ke tsintar yaro, ita ce dai ke kai hari ta kamo 'ya'yan wasu ta kai kasuwa. Shi kansa Abdulkarim mai kirkin nan fataucin bayi yake yi. Marubucin bai ɗaga murya a kan wannan ba, ya ajiye maka su gefe da gefe ne kawai, kai ka ji da nauyinsu.

Inda ya fi taɓa ni shi ne uwar. Ta bar ɗakin mijinta ta bi sawun ɗanta, a Kano wani Ado ya yaudare ta da cewa zai kai ta wurinsa, ashe sayar da ita zai yi. Ta ƙetare hamada a matsayin baiwa, ta sha duka da ɗauri, ba ta daina cewa ita 'ya ce ba, ɗanta take nema. Da Allah ya haɗa su a Tarabulus, jiki ya riga ya ƙare, ba ta jima ba ta cika. Wallahi sai da na kife littafin na yi shiru. Ɗan yana can yana samun ilimi da daraja, ita kuwa tana nan tana biyan kuɗin rabuwar da jikinta.

Inna tana tsintar wake kusa da ni, ta ga na yi jugum ta ce, “Kai kuma lafiya? Murar ce?” Na ba ta labarin a taƙaice. Ta ce, “Allah sarki. Ai uwa ba ta zama. Shi ya samu wani uban, ita wa za a ba ta a madadinsa?” Ban samu amsar da zan ba ta ba.

Bayan magariba almajirin da ke yi mana wanke-wanke ya zo karɓar tuwonsa. Ya daɗe yana shigowa gidan nan, yau na tsayar da shi na tambaye shi garinsu. Ya faɗi wani ƙauye a wajen Ningi. Na ce yaushe rabonsa da jin muryar babarsa, ya ce tun babbar salla. Ita ba ta da waya, amma ya haddace lambar kawunsa da ke maƙwabtaka da su. Na rubuta ta, na kira, ba ta shiga ba. Ya ce sai ranar kasuwa kawun ke zuwa inda ake samun sabis. Mun yi da shi ranar ya zo da wuri, kafin ya tafi makarantar dare, mu sake gwadawa.