Ku fito takara, amma da lissafi a hannu

Matashin da ya iya tara mutum ɗari biyar a fili ba tare da ya ba kowa ko sisi ba, ya riga ya mallaki abin da 'yan siyasa da yawa ke zubar da dukiya su saya. Abin da ya rage masa shi ne ya mayar da wannan taro ƙuri'a, kuma a nan ne galibin 'yan gwagwarmaya ke ja da baya. Sai su shafe shekaru suna matsa wa masu mulki lamba daga waje, alhali kasafin kuɗi da dokoki da naɗe-naɗe duk a cikin zauren da ba su da kujera ake yanke su. Alƙaluman ƙungiyar majalisun dokoki ta duniya, IPU, sun nuna cewa 'yan majalisa masu shekara 30 zuwa ƙasa ba su kai kashi 3 cikin 100 ba, ga shi kuwa kusan rabin mutanen duniya ba su wuce waɗannan shekaru ba.

Doka ba ta hana ka kamar yadda kake zato. A Birtaniya, bisa dokar 2006, ɗan shekara 18 zai iya neman kujerar majalisar dokoki, kuma a 2015 Mhairi Black ta ci tana da shekara 20. A Amurka shekara 25 ake nema don majalisar wakilai, 30 don ta dattawa. A Najeriya gyaran tsarin mulki na 2018 ya sauko da shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Ka nemo dokar zaɓen ƙasarka ka karanta da idonka, kada ka tsaya kan abin da aka ce an ce.

Shawarar farko da zan ba ka, ɗan'uwa, kuma ita ce wadda aka fi ƙi: ka nemi ƙaramar kujera. Kansila, majalisar gari, majalisar jiha. Na san mai mabiya dubu ɗari a Facebook yana ganin ya wuce kansila. To amma mabiyan nan a warwatse suke cikin garuruwa hamsin, kuma a ranar zaɓe wanda sunansa ke cikin rajistar mazaɓarka kaɗai ne zai amfane ka. A ƙaramar mazaɓa ƙafa na iya yin abin da kuɗi ke yi a babba. Gabriel Boric na Chile ya fito ne daga zanga-zangar ɗalibai ta 2011, ya shiga majalisar wakilai a zaɓen 2013, ya yi shekara takwas yana koyon aikin, sannan ya ci shugabancin ƙasa a ƙarshen 2021 yana da shekara 35. Sanna Marin, wadda ta zama firaministar Finland a 2019 tana da shekara 34, daga majalisar birnin Tampere ta faro.

Kafin ka buga hoto ko ɗaya, ka san adadin ƙuri'un da kake nema. Ka samo sakamakon zaɓuka biyu ko uku da suka wuce na kujerar, rumfa-rumfa, ba jimla kawai ba. A ce, alal misali, mutum 20,000 ne ke da rajista a mazaɓar, kuma waɗanda suka saba fitowa kashi 35 ne cikin 100. Ke nan ƙuri'a 7,000 ake rabawa. Idan ku biyu ne masu ƙarfi, 3,501 ta ishe ka a takarda, amma ka sa wa kanka 3,700 saboda ƙuri'un da za su lalace da mutanen da za su sauya ra'ayi. Idan ku uku ne, kana iya ci da 2,800. Sai ka raba wannan adadi a kan rumfuna: inda jam'iyyarka ta saba ci, aikinka fito da mutane, inda ake kankankan, aikinka shawo kai, kuma can za ka fi zama, inda aka saba kayar da ku ƙasa warwas, ka je don rage tazara, kada ka ƙarar da ƙarfinka a can. Sannan ka sani, ba duk wanda ya yi maka alkawari ne zai fito ba. Wani zai yi tafiya, wani katinsa ya ɓata, wani kunyar idonka ce ta sa ya amsa. Don haka mai neman ƙuri'a 3,700 ya tanadi sunayen mutum 5,500 da suka ce suna tare da shi.

Kada ka raina ƙuri'a ɗaya. A zaɓen majalisar jihar Virginia ta Amurka a 2017, 'yan takara biyu sun tashi da 11,608 kowannensu, har sai da aka zaro sunan ɗaya daga cikin kwano.

Sai maganar tikiti, inda matasa suka fi faɗuwa tun kafin jama'a su ga sunansu. A wurare da yawa zaɓen fid da gwani shi ne zaɓen gaske, kuma masu yin sa ba su da yawa. Ka karanta kundin tsarin mulkin jam'iyyar: wata nawa ake so mutum ya yi yana ɗan jam'iyya kafin ya tsaya, su wa ke zaɓen ɗan takara, duk masu kati ne ko daliget, yaushe kuma ake zaɓen daliget ɗin. Idan daliget ne, to takararka ta fara ne ranar da ake zaɓen shugabannin jam'iyya na mazaɓa, wata da watanni kafin a fara sayar da fom. Wanda ya zo bayan an gama wannan ya tarar an riga an raba. Idan kuwa duk 'yan jam'iyya ne ke zaɓe, aikinka shi ne ka yi wa mutanenka rajista kafin a rufe littafi. Alexandria Ocasio-Cortez ta kayar da Joe Crowley a zaɓen fid da gwani na Yunin 2018 a New York, tana da shekara 28, shi kuwa yana wa'adinsa na goma a majalisar wakilan Amurka, da tazarar ƙuri'a kusan 4,000, a zaɓen da bai kai mutum 30,000 suka jefa ƙuri'a ba. Ta nemo waɗanda ba a saba ƙwanƙwasa wa ƙofa ba ne ta fito da su.

Babbar jam'iyya tana da inji, wato tsari da mutane a ƙasa, amma layinta dogo ne. Ƙarama za ta ba ka tikiti da sauƙi, sai dai kai za ka gina komai, har wakilan rumfa. Inda doka ta yarda da ɗan takara mai zaman kansa, wannan ma hanya ce: John Paul Mwirigi ya ci kujerar majalisar dokoki ta mazaɓar Igembe ta Kudu a Kenya a 2017 yana da shekara 23, ba jam'iyya, galibin yaƙin neman zaɓensa da ƙafa ya yi. Amma ba kowace ƙasa ce ta yarda da haka ba, Najeriya na cikin waɗanda sai da jam'iyya.

Takardu sun kayar da mutane fiye da yadda ake tsammani. Sunan da ke kan takardar makaranta ya saɓa da na katin zaɓe, ranar haihuwa iri biyu, ma'aikacin gwamnati bai ajiye aiki cikin wa'adin da doka ta sa ba, ko cikin waɗanda suka sa hannu suka tsayar da kai a samu wanda rajistarsa ba a mazaɓar take ba. Idan sa hannu goma ake nema, ka tanadi mutum goma sha biyar, ka duba kowane suna a rajista. Ka kai fom kwanaki kafin a rufe, domin in an ga kuskure ka samu damar gyarawa. Ka kuma sami lauya ya karanta komai kafin ka rantse a kai, don abokin hamayya zai karanta, ko da bayan ka ci ne.

Tawagarka ba sai ta yi yawa ba, amma kada ka zama kai ne komai. Ɗan takara aikinsa biyu: ganin masu zaɓe da neman gudummawa. A samu mai tafiyar da yaƙin neman zaɓe wanda zai iya ce maka a'a, da ma'aji mai rubuta duk abin da ya shigo da wanda ya fita, da mai riƙe da rajistar magoya baya. Asusun takara daban, aljihunka daban. Ka san iyakar abin da doka ta yarda a kashe da ranar miƙa rahoton kuɗi.

Shi kuwa kuɗi, ka rubuta sunayen mutum ɗari da ka sani, ka sa adadi a gaban kowa, ka kira su ɗaya bayan ɗaya ka faɗi adadin da bakinka. Kada ka dogara da roƙon da aka watsa a intanet kaɗai. Mutum ɗari biyu da suka ba ka kaɗan-kaɗan sun fi maka mutum ɗaya da ya ɗauke maka komai, domin waɗancan sun zama masu tallata ka, shi kuwa wannan ya zama ubangidanka, kuma ranar da ka zauna a kujera zai zo karɓar bashinsa. Idan babban mutum ya ce zai tsaya maka, ka tambaye shi tun yanzu abin da yake so, a gaban shaida. Sannan ka ware kuɗin ranar zaɓe tun farko ka rufe. Da yawa sukan ƙarar da komai kan hotuna da gangami, ranar zaɓe ta zo babu abin da za a kai wakilai rumfuna.

Zuciyar aikin dai ita ce bi gida-gida. A gwajin da masu bincike Alan Gerber da Donald Green suka yi a birnin New Haven na Amurka a 1998, zuwa ƙofar mutum a yi masa magana ido da ido ya ƙara fitowar masu zaɓe da kusan maki takwas cikin ɗari, takardar da aka aika ta gidan waya ta yi ɗan tasiri, kiran waya kuwa kusan bai yi komai ba. Ku riƙa fita bibbiyu, da takardar sunayen layin a hannu. A gaisa, a faɗi suna da kujerar da ake nema, a tambayi mutum abin da ya fi damunsa a unguwar, sai a yi shiru a saurara. Minti uku ya isa. Da an bar ƙofar, a sa masa lamba daga 1 zuwa 5 a gaban sunansa: 1 ga wanda yake tare da ku sosai, 3 ga wanda bai yanke shawara ba, 5 ga wanda ya yi nisa. Masu 3 a koma musu, in da hali ɗan takarar da kansa. Masu 1 da 2 su ne za a bi ranar zaɓe. Masu 5 a bar su lafiya, kada a tsaya musu. Kowace yamma a shigar da sakamakon a kwamfuta, domin takardar da ta kwana uku a jakar wani ta ɓata.

A nan ɗan gwagwarmaya ke shan wuya, don ya saba da magana da waɗanda suka riga suka yarda da shi. Dattijuwar da ta buɗe maka ƙofa ba za ta tambaye ka aƙida ba, za ta tambaye ka magudanar ruwan da ta toshe. Ka ɗauki abu biyu ko uku da kujerar ke da ikon yi, ka san kuɗinsu da inda za su fito. Kada kansila ya yi alkawarin abin da sai shugaban ƙasa.

Ke kuma 'yar'uwa, abin da za ki tarar ya fi na namiji nauyi: za a taɓa mutuncinki, a sa taron jam'iyya da tsakar dare, a ce ki janye wa wani a yi miki alkawarin muƙami. Ki shirya iyalinki tun kafin ki bayyana, ki ba wani amintacce riƙon shafukanki don kada zagin ya cinye miki lokaci, ki adana duk wata barazana da hoto da kwanan wata.

Ranar zaɓe, kowace rumfa ta samu wakilinka da sunansa ya shiga wurin hukumar zaɓe cikin lokaci, an horar da shi, wayarsa cike da caji. Ya iso kafin a buɗe, ya ga akwati babu komai a ciki, ya tsaya har a ƙirga, ya duba cewa ƙuri'un da aka jefa ba su fi adadin waɗanda aka tantance ba, ya karɓi kwafin takardar sakamako mai sa hannu, ya ɗauki hotonta ya turo nan take. Kada ya sa hannu a takardar da ba a cike ba. A cibiyar tattara sakamako ka tura wanda ya fi kowa natsuwa da iya lissafi, da jimlar rumfunanku a hannunsa. In an kai ga kotu waɗannan takardu ne hujjarka, kuma wa'adin shigar da ƙara gajere ne, kwana 21 a Najeriya, haka ma a Birtaniya.

Mai yiwuwa ka faɗi a karon farko, kuma gara ka shiga da sanin haka. Chlöe Swarbrick ta nemi magajin garin Auckland a 2016 tana da shekara 22, ta zo ta uku, shekara guda bayan nan ta shiga majalisar dokokin New Zealand. In ka faɗi, cikin mako guda ka kira duk wanda ya ba ka kuɗi ko ya yi maka yawo ka gode masa, ka biya bashin da ke kanka, ka miƙa rahoton kuɗi. Sannan ka zauna da sakamakon rumfa-rumfa ka gwada shi da lambobin da kuka sa wa mutane, ka ga inda aka cika alkawari da inda ba a cika ba, ka adana rajistar magoya bayan a wuri biyu kafin tawagar ta watse.