Mako Uku Sensa Tana Shirga Mini Ƙarya

Har yau idan na tuna sai haushin kaina ya kama ni. Mako uku cur na yi ina zargin lissafin da na rubuta wa kwamfuta, ashe ba ruwansa.

Bawul ɗin inji ne guda ɗaya na gwaji a kan benci, babu kamshaf, wato sandar da ta saba buɗe bawul da rufe shi. Abin da ke motsa shi farantin ƙarfe ne tsakanin maganadisun lantarki biyu, sifirin sama da ƙasa, yana cin milimita 8 cikin kashi 3 zuwa 4 bisa dubu na daƙiƙa ɗaya. Buɗewa ba ta ba ni ciwon kai ba. A wajen sauka aka yi ta. Ana so bawul ya taɓa mazauninsa da gudun da bai kai mita 0.1 a daƙiƙa ba, nawa kuwa dukan guduma yake yi, ƙwas-ƙwas, har na ɗakin gaba ya leƙo ya tambaye ni me nake fasawa. Da faranti ya matso, jan maganadisu sai ya haukace, don haka rikicin duka yana cikin rabin milimitar ƙarshe.

Don kwamfuta ta san inda faranti yake, sensar Hall na sa, mai sansano maganadisu, saboda araha da ƙanƙanta, na manna ɗan maganadisu a kan sandar farantin. Na daidaita ta da agogon awo, ina tura sandar da hannu, awo ya fito tsaf. Amma kwayil, wato naɗin wayar maganadisun lantarkin, a kashe yake! Ko a mafarki ban kawo cewa abin da ke sansano maganadisu na ajiye a gefen wani ƙaton maganadisu ba.

Ranar da na gaji, na tokare farantin da guntun tagulla yadda ko gezau ba zai yi ba, na sakar wa kwayil wuta. Layin osiloskof, na'urar da ke zana abin da sensa ke faɗa, ya zabura kamar an yi tafiyar milimita 0.2. Na daɗe ina kallonsa, baki sake. Wato sensa na gaya wa kwamfuta da sauran tafiya, kwamfuta ta ƙara wuta, ƙarin wutar ya ƙara ƙaryar, faranti ya faɗa da ƙarfinsa. Gwajin minti biyar ke nan, ni kuwa na riga na cinye mazaunin bawul biyu.

Na ƙara wa sandar tsawo da alminiyam, na nisanta awon daga kwayil, na koma sensar da ke aiki da wutar eddy, wato wutar da take tayarwa a jikin ƙarfen da take aunawa. Ita ma zafi na ɗan jan ta, shi ya sa duk sanda bawul ya zauna daram nake sa kwamfuta ta maido da sifili.

Akwai masu jefar da sensa gaba ɗaya, su gano matsayin faranti daga yadda wutar kwayil ke sauyawa. Allah Ya ba su sa'a. Ni dai duk wanda zai daidaita sensa, ya tokare faranti, ya kunna kwayil har ƙurewa, ya ga ko layi zai motsa tukuna. Mazaunan nan biyu suna nan cikin durowata, na ƙi zubarwa.