Tassa a kan fako

Yau da safe a wani fako kusa da Badagishiri, a jihar Tahoua ta Nijar, wani ma'aikacin ƙungiya mai tallafa wa manoma ya durƙusa bakin ramin tassa, wato ƙaramin ramin shuka mai tara ruwan sama, da wani dattijo ya haƙa, ya ce: "Baba, sannu da aiki, amma ƙasar nan ba nan za ta zauna ba." Tsohon ya tara ƙasar da ya fitar a gefen tudu, inda ruwa ke gangarowa. In an yi haka, ruwan sama na farko zai ci karo da tulin ya kauce, ko ya maida ƙasar cikin ramin ya cike shi. Wurinta gefen gangare, a jera ta kamar rabin wata don ta tare ruwan. Faɗin rami santimita 20 zuwa 30, zurfi kamar 15 zuwa 20, layi na biyu kuma ya faɗa tsakanin ramukan layin farko. Sai a zuba taki cikin hannu biyu tun da rani, wanda ya ruɓe, don ɗanyen kashin shanu yana ƙona tsiron hatsi. Gara ce za ta bi takin ta huda fakon, ruwa ya samu hanyar shiga.

Tsohon bai yi gardama ba, ya ɗauki hauya ya juya tulin. Ni dai lissafi ya tsaya mini a rai: in tazara mita ɗaya ce, hekta guda ramuka 10,000 ke nan. An koya masa haƙa, amma ba shi da jaki ko amalanken da zai kai wa ramukan taki kafin damina.