Lahadi, ranar walimar sabon gida

Yau aka yi walimar tarewar autanmu a sabon gidansa na Rijiyar Zaki. Tun hantsi aka kafa rumfa, shinkafa da zoɓo sai wanda ya gani. Dangi sun cika, har na Ɗambatta sun zo, amma Yaya Babba bai leƙo ba. Kafin Azahar magana ta zaga cikin mata, wai 'yan ubanci ne ya motsa tunda ba ɗakinsu ɗaya da auta ba. Shi kuma mai gidan sai ya ɗora hoton ginin a WhatsApp, ya rubuta a ƙasa, hassada ga mai rabo taki ce. Raina ya sosu da na gani.

Bayan La'asar na wuce Gwammaja. Na tarar da Yaya a ƙofar gida kan tabarma, yana yanke farce da reza.

"Kai ma aiko ka aka yi?"

"A'a Yaya, gaisuwa na zo."

Ya miƙo mini wayarsa. Katin gayyata ne, irin wanda aka tura wa kowa da kowa. Ya ce, "Yaron da nake goyawa a keke in kai makaranta, shi ne yau zai gayyace ni da saƙon da ya tura wa abokan kasuwarsa? Ƙafarsa ta manta hanyar gidan nan?" A nan dai yana da gaskiya. Amma da hira ta yi nisa sai ya ce shi ya riga auta shiga kasuwa, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, ga shi har yau gidan haya yake. Wannan maganar ce ta tsorata ni, domin ta wuce kan auta, ta fara taɓa Mai rabawa.

Da na yi Magariba sai na tafi wajen Baffa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya sa aka ɗauko masa Jalalaini, ya buɗe Suratul Ma'ida, aya ta 27 zuwa ta 31, ƙissar 'ya'yan Annabi Adamu biyu. Alƙur'ani bai ambaci sunayensu ba, a tafsiri ne aka ce Habila da Ƙabila. Ɗaya ya kawo rago, ɗaya ya kawo amfanin gona, wuta ta sauko ta cinye na Habila, alamar an karɓa. Baffa ya ce in lura, Habila bai ƙwace komai daga hannun ɗan uwansa ba. Allah ne ya karɓa, Allah ne ya ƙi karɓa, amma da Ƙabila ya tashi hucewa sai ya ce zan kashe ka. Shi kuma Habila bai yi masa gori ba. Ya ce Allah daga masu taƙawa yake karɓa, kuma ko ka miƙo hannu don ka kashe ni, ni ba zan miƙa nawa ba.

Na zaci a nan zai tsaya ya ɗora wa Yaya laifi, kamar yadda kowa ya yi yau. Sai ya ce mutane sun iya wa'azin hassada, amma ba sa son a yi na girman kai, domin mai kuɗi zai taɓa. Ya kawo Ƙaruna, wanda yake daga mutanen Annabi Musa, aka ce masa kada ka yi alfahari, ya ce ai da ilimina na samu, ƙasa ta haɗiye shi da gidansa. Ya kawo Annabi Yaƙubu da ya ce wa Yusufu kada ka ba 'yan uwanka labarin mafarkinka. Mafarkin gaskiya ne, baiwar Allah ce, duk da haka uba ya ce a rufe. Mu kuwa yanzu ko ƙofar gida mutum ya yi wa fenti sai duniya ta gani.

Abin da ban zata ba shi ne ya ambaci marigayi mahaifinmu, ƙanensa da yake ji da shi. Ya ce ya taɓa yi masa magana lokacin da ya ware wa auta jari shi kaɗai, ya karanta masa hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda babansa ya yi masa kyauta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaya ko duk 'ya'yan aka ba, da aka ce a'a ya ce ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku. A ganina tushen ke nan, kuma babu wanda ya kawo shi a rumfar walima.

Kafin in tashi Baffa ya kira auta a waya, ya ce gobe bayan Asuba ya same shi da goro, su tafi Gwammaja tare, kuma ya bar motarsa a gida. Auta ya ɗan yi shiru, sannan ya ce to Baffa. Ni aka ɗora wa sanar da Yaya, kada a je a tarar ya fita kasuwa. Na kira sau ɗaya bai ɗaga ba, na tura wa matarsa saƙo.